Ci Uku a Hannu, Kofi Ya Kuɓuce: Lacca Kan Ciwon Magoyin Baya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Dattawanmu, malamai, masu gidajen kallo da na hango a sahun gaba, da 'yan'uwana matasa, barkanmu da yamma. An ce in yi magana kan halin da magoyin baya yake shiga ranar da aka lallasa ƙungiyarsa. Na san akwai waɗanda za su ce ai wannan bai kai a tara jama'a a kansa ba, ƙwallo ce kawai. To ni ban ɗauke shi da wasa ba, kuma zan faɗa muku dalili.

Mu fara da gida. Ranar 24 ga Oktoba 2018, a filin wasa na Stephen Keshi da ke Asaba, Kano Pillars ta kara da Enugu Rangers a wasan ƙarshe na Kofin Aiteo. Rabi'u Ali ne ya buɗe ci tun wasa bai yi nisa ba. Kafin a tafi hutu an ƙara na biyu, ana dawowa aka ƙara na uku. Uku ba ko ɗaya, jama'a! Rabon Kano da wannan kofi tun 1953. Har aka shiga minti 15 na ƙarshe Pillars suna riƙe da cinsu uku. Sai Rangers ta farke ɗaya. Ta farke na biyu. Ana dab da busa tashi ta farke na uku. Aka je bugun fanareti, suka cinye mu 4 da 2.

Na ga wasu a baya suna girgiza kai, alamar har yau abin bai sake su ba.

Ku lura da wani abu. Da a ce tun farko Rangers ce ta zura mana uku, da an yi tsaki, an zagi koci, an watse, washegari kowa ya tafi kasuwa. Abin da ya yi wa mutane illa a wannan rana shi ne sun riga sun karɓi kofin a zuciyarsu. Mutum ya riga ya tsara wanda zai kira ya yi wa tsiya, ya riga ya ga motar 'yan wasa tana ratsa Ƙofar Mata jama'a na binta. Kamar manomi ne da gero ya nuna, ya wasa lauje, sai fari suka sauka da daddare. Wanda shukarsa ba ta tsira ba ma ya fi shi sauƙin haƙuri.

Haka aka sake yi wa ƙasa baki ɗaya ranar 11 ga Fabrairu 2024 a Abidjan. Kwaddibuwa da muka haɗu da ita a wasan ƙarshe na Kofin Afirka, mun riga mun ci ta ɗaya ba ko ɗaya a rukuni. Ekwatoriyal Gini ta zuba mata huɗu a gidanta, har suka sallami kocinsu Jean-Louis Gasset ana tsakiyar gasa, suka miƙa wa Emerse Faé. Da kyar suka fito daga rukuni. William Troost-Ekong ya ci mana da ka a minti na 38, muka tafi hutu muna gaba. Franck Kessié ya farke a minti na 62, Sébastien Haller ya ƙara a minti na 81. Shi Haller ɗin kuwa, a 2022 aka gano yana da ciwon daji, ya sha magani, ya dawo fili. Ko wanda ya fi kowa jin zafin kashin nan, in ya tuna wannan sai ya sara masa. Amma sara masa bai hana mutum kasa cin abinci a daren ba.

Manya a cikinmu kuma suna da nasu tabon. Kofin Duniya na 1994 a Amurka, Emmanuel Amuneke ya ci Italiya, muna gaba har minti na 88, an ma ba ɗan wasansu Zola jan kati, sai Roberto Baggio ya farke, ya ƙara da fanareti a ƙarin lokaci. Ga kuma wasan ƙarshe na Kofin Afirka na 2000 a Legas, fanaretin Victor Ikpeba ya daki ƙarfen sama ya faɗa bayan layi, alƙali ya ce ba ci ba ne, Kamaru ta ɗauke kofi a gabanmu.

Yanzu bari in zo kan jiki, domin a nan ne nake so ku fi ba ni hankalinku. Wannan baƙin ciki ba a baki kawai yake ba, yana taɓa tsokar zuciya da jijiyoyin jini. Likitoci a birnin Munich na Jamus sun bi diddigin marasa lafiya lokacin Kofin Duniya na 2006, suka gano cewa a ranakun da Jamus take wasa, masu zuwa asibiti da matsalar zuciya ta gaggawa sun haura ninki biyu na sauran ranaku. A Ingila ma, bayan Ajantina ta fitar da su da fanareti a 1998, masu kwanciya asibiti saboda bugun zuciya sun ƙaru da kusan kashi 25 cikin ɗari. Fargaba tana sa jiki ya saki sinadaran da ke ƙara gudun zuciya, su matse jijiyoyi, jini ya hau. Mai lafiya zai wuce. Mai hawan jinin da bai san yana da shi ba, shi ne abin tsoro.

Mun gani a nan ƙasar. Ranar 7 ga Fabrairu 2024, wasan kusa da na ƙarshe da Afirka ta Kudu, Osimhen ya ci na biyu, mutane suna tsalle, alƙali ya je ya duba na'ura, ya soke cin, ya ba Afirka ta Kudu fanareti. Cikin minti kaɗan aka tashi daga murnar biyu ba ko ɗaya zuwa kunnen doki. Jaridu sun ruwaito rasuwar mutane da dama a daren, cikinsu har da tsohon ɗan majalisar wakilai Cairo Ojougboh. Kuma fa wannan wasan mu muka ci daga ƙarshe. Ajali ne, mun yi imani da haka, amma Allah bai hana mu auna jininmu ba. Duk wanda ya haura arba'in a nan kuma yana zama kallon fanareti, don Allah ya je a gwada shi.

Ciwon da bai tsaya a jiki ba kuma, yakan nemi kan da zai sauka. A Kofin Duniya na 1950 Uruguwai ta doke Barazil 2 da 1 a filin Maracanã, mutanen ƙasar suka ɗora laifin a kan golansu Moacir Barbosa, ya rayu da wannan ƙyama shekara hamsin har ya mutu a 2000. Andrés Escobar na Kolombiya ya ci gida a Kofin Duniya na 1994, ya koma ƙasarsa, aka harbe shi a Medellín. Mu ma kada mu yi saurin wanke kanmu. Ranar 29 ga Maris 2022 da Gana ta hana mu zuwa Kofin Duniya a Katar, 'yan kallo sun afka filin Abuja suna farfasa kujeru da kayan fili. Bayan Abidjan kuma aka taru a kan Alex Iwobi a Instagram da X, zagi har da iyaye, sai da yaron ya goge hotunansa. Ahmed Musa, kyaftin ɗinmu na wancan lokacin, ɗan gida, shi ya fito ya roƙi mutane su daina. Wannan ya ƙara masa daraja a idona, domin shi ma yana cikin jimami a lokacin.

Akwai wanda ba a bugawa a jarida, shi ne magidancin da ya dawo daga gidan kallo ƙarfe sha ɗaya na dare, matarsa ta ce sannu da zuwa ya daka mata tsawa, yaro ya tambaye shi nawa aka tashi ya sha mari. Ba su buga ba, ba su yi alƙalanci ba. Idan kuma caca ta shigo ciki, abin ya koma wani daban, domin a lokacin kuɗin cefane ne ya tafi tare da wasan. Wannan sai mun ware masa zama na musamman.

Ba zan ce muku ku rage son ƙungiyarku ba. Mutumin da ya gaji goyon bayan Pillars daga mahaifinsa, ya bi ta har faɗuwarta daga babban rukuni a 2022 da dawowarta a 2023, ba za ka ce masa ya kalli wasa kamar baƙo ba. Ya ji zafi, haƙƙinsa ne. Waɗanda suka yi kuka a daren Asaba su ne suka san daɗin 2019, da aka doke Niger Tornadoes da fanareti a Kaduna aka ɗauko kofin nan.

Roƙona ga ku masu gidajen kallo ne, tunda ku kuka fi kowa sanin fuskokin mutanen nan. Kun san wanda in an ci su yake shiru ya dafe ƙirji, kun san wanda yake zafafa tsiya har ta kai ga dambe. Ku ajiye ruwan sha, ku buɗe ƙofa iska ta shiga, ku san asibitin da ya fi kusa da mai Keke Napep ɗin da zai amsa waya da dare. In wani ya ce ƙirjinsa na masa nauyi, ko gumi ya karyo masa, ko hannunsa na hagu ya yi sanyi, kada a ce bari a tashi wasa. A fita da shi nan take.

An nuna mini lokaci ya yi, kuma magariba ta gabato. Mai tambaya ya ɗaga hannu, a miƙa masa lasifika.