Yadda Ƙaramin Gidan Rediyo Ke Tafiyar da Kansa Ba Tare da Kwamfuta Ba

Jama'a, assalamu alaikum. Gidan rediyon da za mu yi magana a kansa yau shi ne irin wanda mutum ke haɗawa a ɗakinsa don sha'awa, al'adar da ta yi ƙarfi a Amurka saboda dokar hukumar sadarwarsu, FCC, ta bar ƙofa a buɗe. Sashe na 15 na ƙa'idojinta ya yarda a watsa shiri a zangon AM ba lasisi, muddin ƙarfin wutar bai wuce kashi ɗaya cikin goma na wat ɗaya ba, kuma tsawon eriya da wayoyinta bai zarce mita 3 ba. Wannan dokarsu ce. A Najeriya sai da lasisin NBC, hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin. Mai irin wannan tasha yana zuwa aiki, yana kuma barci, to wa zai riƙa sauya faifai idan ba ya nan?

Kunna sauti abu ne mai sauƙi. Wahalar ita ce na'ura ta san cewa wannan waƙa ta ƙare, lokacin ta gaba ya yi, kuma injiniyoyi sun warware wannan tun kafin kwamfuta ta shiga gidajen rediyo. A 1956 Paul Schafer ya haɗa irin wannan tsari a tashar KGEE da ke Bakersfield a jihar Kalifoniya. Dabarar da ta bazu daga baya ita ce a naɗi waƙoƙi a kan manyan faya-fayan tef, a ƙarshen kowace waƙa a saka wani amo mai kaɗawa sau 25 a sakan, wanda ya yi ƙasa sosai, ana kuma tace shi kafin ya kai ga mai sauraro. Da zarar na'ura ta tsinkayi amon, sai wani makunni mai aiki da maganaɗisu ya tayar da rikoda ta gaba, ta farkon kuma ta tsaya a bakin waƙarta ta biyu tana jiran a sake kiranta. Tallace-tallace da taken tasha suna kan wasu ƙananan kaset masu tef da ke zagayawa ba iyaka, inda amo mai kaɗawa sau 1,000 ke tsayar da kaset daidai farkonsa, mai sau 150 kuma ya sanar cewa saƙo ya ƙare.

Wannan hikima tana nan da amfaninta, kuma a ganina ta fi dacewa da mai ƙaramar tasha fiye da tsare-tsare masu tsada. Tashar AM ta gida murya ɗaya take fitarwa, alhali na'urorin sauti suna da layi biyu, hagu da dama. Sai ku ɗora shirin a layin hagu, ku keɓe na dama don amon umarni kaɗai, ku haɗa shi da makunnin da zai danna maɓallin na'ura ta biyu. Ta haka babu buƙatar tace komai, domin layin dama bai taɓa isa ga tiransimita ba, wato na'urar da ke watsa shirin.

Wanda bai iya walda da haɗa wayoyi ba yana da hanyoyi masu sauƙi. Kamfanin Sony ya yi na'urorin da ke ɗaukar faifan CD har 400, kaset ɗin bidiyo na VHS kuma yana riƙe sautin awa 6 idan an rage gudunsa. A yau ƙaramar na'urar MP3 mai katin memori ta wadatar, a sa ta zaɓi waƙoƙi kan mai uwa da wabi. Aibinta shi ne ba ta da hankali: idan kun zuba taken tasha a cikin waƙoƙi, za ta iya jero shi sau uku, sannan ta shafe awa guda ba ta ambace shi ba. Maganin shi ne a liƙa taken a wutsiyar wasu waƙoƙin tun wajen naɗi, su zama abu guda.

Saura batun lokaci. Agogon da ke kunna wuta da kashewa zai iya tayar da na'ura ta biyu a ƙa'idajjen lokaci don wani shiri na musamman, amma ku zaɓi mai batir, domin mai juyawa da wutar gida yana tsayawa idan an ɗauke wuta, ya dawo a makare. Kafin ku sayi kowace na'urar sauti, ku zare filoginta tana cikin aiki, ku mayar, ku gani ko za ta ci gaba da kanta, saboda da yawa sai an danna musu maɓalli. A ƙarshen layi kuma ku sa mai gadin shiru, wato ƙaramar na'urar da ke sauraron abin da ke fita, wadda idan ta ji shiru ya kai kamar sakan 15 za ta juya tiransimita zuwa wata na'urar ajiya. Kada ku gajarta wannan lokaci da yawa, in ba haka ba duk numfashin da mai karatu ya ja zai sa ta katse masa magana.