Jawabin Maraba ga Babban Baƙonmu, Farfesan Injiniyan Lantarki

Assalamu alaikum. Shugaban Tsangayar Injiniya, shugabannin sassa, malamai, ɗalibai, barkanmu da warhaka.

Malam Farfesa, sannu da zuwa, sannu da hanya. A zauren nan akwai ɗaliban da suka daɗe suna ganin sunanka a saman takardun bincike, yau Allah ya nufa sun ga mai sunan.

Bari in ɗan yi wa waɗanda ba 'yan fannin ba bayani. Malam ya tafiyar da rayuwarsa ta koyarwa da bincike ne a kan igiyoyin lantarki da maganaɗisu, waɗanda ido ba ya gani. Siginar waya, radar jirgin sama, na'urar MRI ta asibiti, duk suna bin ƙa'idojin da James Clerk Maxwell ya wallafa a 1865. Yadda ake rubuta su yau layi huɗu ne kacal, amma da zarar igiya ta ci karo da fiffiken jirgi ko kan ɗan'adam, biro da takarda sun gaza. Dole a kira kwamfuta, a yayyanka abin ƙanana ƙanana, irin hanyar da Kane Yee ya kawo a 1966.

Nan ne gizo ke saƙar. Siginar waya mai megahaz 900 tsawon zangonta, wato tazarar da ke tsakanin tudun igiya ɗaya da na gaba, kusan santimita 33 ne, kuma ana son kowane yanki ya zama kusan kashi ɗaya cikin goma na zangon, don haka bai kamata ya wuce santimita uku ba. In yankunan suka kai miliyan ɗaya, kuma aka bi wata hanyar daban da ta Yee, inda kowanne sai an lissafa tasirinsa a kan kowanne, lissafi ya kai tiriliyan. A 1987 Leslie Greengard da Vladimir Rokhlin suka nuna cewa yankunan da ke nesa ana iya tattara su a lissafa su a dunƙule. A kan wannan turba baƙonmu ya yi ta aiki, yana rage wa kwamfuta nauyi. Ni a ganina wannan ya fi sayo sabuwar na'ura daraja, musamman gare mu da wutar lantarki ke yi wa wasan ɓuya.

Sauti ma igiya ne, lissafinsa ɗan'uwan wancan ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa a sahun baya a babban masallacin da aka lulluɓe da tayil, ya ji huɗuba tana dawowa tana cin karo da kanta, ya san matsalar. Da ilimin Malam ana iya jin yadda zaure zai amsa murya tun yana zane a takarda.

Malam, baƙonka sarkinka, amma yau mu ne da roƙo. Ɗalibanmu na digiri na biyu da na uku na son ka duba ayyukansu kafin ka koma, musamman masu nazarin yadda ƙurar hunturu ke raunana sigina tsakanin turakun sadarwa.

Allah ya ƙara lafiya da basira. Bismillah, Malam, fili naka ne.