Na ji kukan elk da asuba a tsaunukan San Juan na jihar Kolorado, Amurka

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da wannan hakin da kuke ji, wallahi ba gudu na yi ba, tafiya ce kawai. Bari in zauna a kan wannan kututturen, domin abin da na ji da asubahin nan har yanzu tsigar jikina ba ta kwanta ba.

Can ƙasa muka kwana a tanti, ni da wani dattijo Bature da muke aiki tare. Na ɗumama ruwan alwala a kan ɗan risho saboda bakin gorar ya yi ƙanƙara, na yi sallah, ina cikin lazimi sai na ji wata ƙara daga gangaren da ke fuskantarmu. Ta faro da gurnani kamar na bijimi, ta yi ta hawa har ta koma siririya kamar sarewar makiyayi, sannan ta ƙare da wani tari-tari sau huɗu ko biyar. Carbi ya tsaya a hannuna. Dattijon ya leƙo daga tanti ya ɗaga yatsa, alamar in yi shiru. Da gari ya fara wayewa ya miƙo mini madubin hangen nesa, sai ga shi tsaye a bakin itatuwa, wuyansa baƙi, jikinsa ruwan ƙasa, ƙahonninsa kamar an ɗora masa busasshiyar bishiya a ka. Numfashinsa na fita kamar hayaƙi. Mata goma sha ɗaya na ƙirga a bayansa. Na sha ganinsu a garin Estes Park suna kiwo a bakin titi, masu yawon buɗe ido na ɗaukar hoto, amma wancan daban, wannan daban.

Ga wanda bai san elk ba, dangin barewa ce, amma ku cire barewa daga ranku, ku ɗauko gwanki. Namijin da ya ƙosa yakan kai kilo 300 har ya ɗara, macen kuma wajen kilo 225. Yanzu ƙarshen Satumba ne, lokacin barbararsu, shi ya sa mazan ke wannan kukan. Jihar Kolorado ta fi kowace jiha a Amurka yawansu, ana maganar wajen dubu 300. Abin da ya burge ni shi ne, a farkon ƙarni na 20 saura ƙiris su ƙare a jihar nan, sai da aka riƙa kwaso wasu daga Wayomin ana sakewa. Kuɗin lasin na mafarauta da harajin bindiga da harsashi, wanda wata dokar 1937 ta kafa, su suka riƙe aikin. Da na ji haka sai da na tuna dajin garinmu. Kakana, Allah ya jiƙansa, yana ba mu labarin gwanki da kanki da bauna a inda yanzu ko zomo sai an sha wuya. Abin yana ci mini rai.

To ni dai jikan maharbi ne, kuma ba na ɓoye alfaharina da hakan. Ina yaro na riƙe wa kakana gora, na bi karnuka har ƙafata ta fashe. Shi ya sa da na samu lasin farautar elk na zagaye na biyu na masu bindiga, wanda ake buɗewa a ƙarshen Oktoba na kwana tara, na ɗauka abin a jinina yake. Harbi kuwa alhamdulillahi, a filin gwaji ina tara harsashi uku wuri guda a yadi 200. Amma dutsen nan bai tambaye ni jikan wa nake ba.

Ku duba bayana. Inda nake zaune ya haura mita 3,300. Jos da muke kuranta sanyinta tana wajen mita 1,200. Chappal Waddi da ke Taraba, wanda babu tsaunin da ya kai shi a duk Najeriya, mita 2,419 ne. Birnin Denba da nake zaune a gefensa yana mita 1,609, na ɗauka shekarun da na yi a can sun gama shirya huhuna. Ina! A nan kowane numfashi da ka ja, iskar da jini ke buƙata ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku idan aka kwatanta da bakin teku. Jiya da muka haye mashigar Wolf Creek a mota lafiya lau nake. Da muka saɓa jaka muka fara hawa, taku arba'in sai in tsaya, zuciyata na dukan uku-uku har a kunne nake jin ta. Cikin dare kaina ya yi ta sara, barci ya ƙi zuwa, abinci ya fita raina. Dattijon nan ya ba shekara sittin baya, amma yana gaba yana tafiya a hankali kamar mai zuwa masallaci, bai tsaya ba sai don ya jira ni.

Don haka ɗan'uwa, kai da ke Hustan ko Atlanta kake ce mini za ka biyo jirgi mu tafi tare, ina gaya maka tsakani da Allah: kada ka sauka yau ka hau dutse gobe. Ka kwana biyu a ƙasa tukuna, ka yi ta shan ruwa. In ciwon kai ya ƙi sauka, ko ka fara tari mai ruwa-ruwa, ko tafiyarka ta koma tangaɗi, maganinsa ɗaya ne, ka sauko. Mutane na mutuwa da wannan abin. Kuma ka shirya aljihunka, domin ni da nake mazaunin jihar lasin bai kai mini dala 70 ba, kai kuwa baƙo sai ka ajiye sama da dala 800. Kafin nan ma sai ka yi kwas na ilimin farauta, duk wanda aka haifa daga 1949 zuwa yau ba ya samun lasin sai da katinsa.

Takalmin nan da kuke gani dala 320 na saya, uwargida har yau ba ta daina maganarsa ba. Amma a cikin duk kayan da na tara, shi ne ban yi nadama ba. Gangaren nan cike yake da matattun itatuwa da ƙwari suka kashe, sun faɗi sun hau juna kamar an watsar da ashana. Ka tsallake wannan, ka rusuna ƙarƙashin wancan, awa guda ba ka ci kilomita ɗaya ba. Kuma a irin wannan surƙuƙin mai fuskantar arewa, inda rana ba ta shiga, elk ke kwanciya da hantsi.

Wani abu ya faranta mini rai ƙwarai. Dattijon ya fito da 'yar kwalbar roba ya matsa, farin gari ya tashi, yana duba inda iska ta nufa. Na ce masa kakana da toka yake yin haka, a ƙulle cikin tsumma. Ya tsaya yana kallona, ya ce in sake faɗa. Sai na ba shi labarin burtu, yadda maharbinmu ke ɗaura kan tsuntsun a goshi, ya duƙa yana sassarfa yana caccakar ƙasa har ya kai ga nama. Bai taɓa ji ba. A nan kuwa doka ta ce mai farauta da bindiga sai ya sa riga da hula masu launin ruwan lemo mai ƙyalli ko ruwan hoda, aƙalla inci murabba'i 500, kamar ma'aikacin titi, don kada wani ya harbe ka. Idon elk bai rarrabe wannan launin sosai, hancinta ne abin tsoro. Da safe iska mai sanyi gangarowa take yi, in rana ta ɗaga sai ta juya ta hau. In ka kuskure wannan, sai dai ka ji karyewar itatuwa, elk ɗin suna barin kwarin.

Amma abin da ya hana ni barci jiya, ban da ciwon kai, lissafin nama ne. A gida in an kashe babban nama, gari ne ke fitowa, kowa da wuƙarsa da ƙwaryarsa, kafin la'asar ko ƙashi ba ka gani. Nan daga kai sai abokinka. Cikin dajin Weminuche da ke gabanmu, dokar 1964 ta hana duk wani abu mai inji ko taya, ko baro ba ka shiga da shi. Ƙafarka ce, ko doki in kana da kuɗin haya. Namiji guda in an fede an cire ƙashi, nama zalla yakan kai kilo 90 ko fiye. Doka kuma ba ta yarda ka ɗauki ƙaho ka bar nama ba: cinyoyi biyu, kafaɗu biyu, naman gadon baya da na ciki, duk sai sun fito, da shaidar jinsin dabbar a manne da naman. Mu biyu, sawu biyu-biyu ke nan, kowane sawu da kilo ashirin da wani abu a baya, a kan wannan gangaren, wataƙila cikin dusar ƙanƙara. Ni da jakar kilo goma sha biyu ta sa ni haki jiya.

Shi ya sa na yanke wa kaina hukunci tun yanzu, kafin zumuɗi ya rufe mini ido. Ba zan ɗana kunama a kan dabbar da ta wuce kilomita uku daga mota ba, kuma ba zan harbi wadda ke can ƙasan kwazazzabo a bayan tudu ba, ko ƙahonta ya kai rufin ɗaki. Rai ne zan ɗauka da bismillah. Na tambayi malaminmu na masallaci, ya ce in ambaci sunan Allah lokacin harbi, in na tarar da ita da sauran rai in yanka. To wanda ya ambaci sunan Allah a kan dabba, da wane ido zai bar namanta ya ruɓe a dutse saboda ƙafarsa ta gaza? Kakana ko hanji ba ya yarwa.

Na san mafi yawan masu zuwa da irin lasin nawa hannu rabbana suke komawa. Kuma kafin ƙarshen Oktoba barbara ta wuce, mazan sun yi shiru sun shige duhuwa, wannan kukan da na ji yau ba zai nuna mini hanya ba. Dole kuma in ƙirga rassan ƙaho kafin in harba, huɗu a gefe ɗaya ake nema a yawancin yankuna. Duk da haka na riga na sayi firiza ta gwanjo dala 150, tana gareji a kunne. Sayar da naman daji laifi ne a nan, kyauta kawai ake yi, kuma dama ni rabawa zan yi. Na yi wa mutanen masallaci alkawarin kilishi, ƙuli-ƙulin ma ƙanwata ta aiko tun watan jiya.

Saura mako huɗu. Daga jibi kullum bayan asuba zan cika jakar nan da buhun shinkafa in hau matakalar filin wasan unguwarmu, ranar Asabar kuma in fito dutse. Ga hadari can yana haɗuwa ta yamma, dattijo yana ɗago mini hannu, a wannan tsayin ba a wasa da tsawa. In mun sauka inda waya ke kamawa, Kawu zan fara kira in kunna masa kukan nan da na naɗa, in ji ko zai iya faɗar wace dabba ce.