Hirar Zaure: fiyanon da ɓeraye suka kama haya a cikinsa

Ladi: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ma muna zauren Kawu, mai gyaran fiyano, a unguwar Zariya, nan Maradi. In kun ji wani ƙwal-ƙwal a bayanmu, Auta ne, an hana shi taɓa kayan mutane bai hanu ba.

Auta: Haba Yaya Ladi, tun ba a fara ba?

Kawu: Ƙyale shi, ɗiyata. Ai ya riga ya yi ɓarnar da zai yi, za mu zo kanta.

Ladi: To, abin da ke jingine da bangon nan fiyano ne na katako, irin mai tsayuwa, ba na lantarki da ake gani wurin biki ba. Kawu, ku faɗa wa mutane yadda aka yi ya shigo gidan nan.

Kawu: A amalanke ya shigo, mutum shida suka sauke shi, don nauyinsa ya haura kilo 200. Magadan wani tsohon ma'aikaci ne suka same shi a ɗakin ajiya, an ɗora masa buhunan gyaɗa shekara da shekaru. Har sun kira kafinta zai fasa ya yi musu teburi. Da na ɗaga murfin sai na ga an rubuta Pleyel, wato kamfanin nan na Paris da aka kafa a 1807. Na ce ku dakata, nawa kafinta ya ce zai ba ku? Na ƙara musu jika biyar a kai.

Auta: Ni na buɗe allon ƙasa. Wallahi ɓawon gyaɗa ya kai tiya biyu, ga sheƙar ɓera an shimfiɗa ta da jan ulu da kore, tsaf kamar ɗakin amarya.

Kawu: Ulun nan kuwa na cikin fiyanon ne suka ciccire. Ɓera ba ya cin ƙarfe, amma duk inda aka sa ulu don ya hana katako bugun katako, nan yake zuwa ɗibar katifa.

Ladi: Ni da na koyi kiɗa a kan na lantarki, ban taɓa sanin abin da ke ciki ba sai ranar. Ku ɗan zana wa mai saurare.

Kawu: A gaba akwai haƙora 88 a irin na yanzu, farare 52, baƙaƙe 36. Tsofaffi da yawa 85 gare su, har da wannan. Kowane haƙori in kika danna, sai ya cilla wata ƴar guduma mai kan ulu, ta bugi tsirkiya ta dawo nan take. Dawowar nan ita ce dabarar da Bartolomeo Cristofori ya gano a birnin Florence na Italiya wajejen 1700. Da gudumar za ta tsaya manne da tsirkiyar, da muryar ta mutu, kamar mai kalangu ya buga ya bar hannu a kan fata. Tsirkiyoyin sun haura 200, saboda muryoyin sama da na tsakiya uku-uku ne, na ƙasa biyu-biyu, sai manyan can ƙasa ɗai-ɗai, an naɗe su da jan ƙarfe. In aka haɗa jan da suke yi gaba ɗaya, ana maganar tan 15 zuwa 20.

Auta: Tan nawa?

Kawu: Ka lissafa da buhun gero mai kilo 100. Buhu 150 ko fiye, rataye a cikin akwatin nan dare da rana. Shi ya sa aka yi masa ƙashi na zubin ƙarfe. Wani Ba'amurke, Alpheus Babcock, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1825.

Ladi: To ga tambayar da nake so mu daɗe a kanta. Kun ɗaure shi a watan Agusta, na zo na buga, daɗi kamar me. Na dawo a Janairu, sai ka ce agwagwa ta kamu da mura. Me ya faru?

Kawu: Maradi ce ta faru. Bayan tsirkiyoyin akwai wani faffaɗan allo siriri, shi ne mai amo, kamar yadda ƙwarya da fata suke a jikin gurmi. Katakon ƙasar sanyi ne, kuma an ɗan yi masa doro da gangan. Da damina ya sha laima ya kumbura, doron ya ƙaru, ya tura tsirkiyoyi, murya ta hau. Hunturu na zuwa ya tsotse shi, doron ya kwanta, murya ta faɗi. Masu ƙera shi suna son laimar iska ta zauna wajen kashi 40 zuwa 50 cikin 100. Mu nan da hunturu tana sauka ƙasa da 20, leɓenka ma tsagewa yake balle allo. Kuma ba tare suke sauka ba, na tsakiya sun fi motsi, shi ya sa kika ji agwagwa.

Auta: Ashe abin da masu ganga ke yi ne, da suke kanga ta a wuta in ta saki.

Kawu: Shi ne, sai dai mai ganga fata ɗaya ko biyu yake lallashi. Laifina ne kuma, na ajiye shi a ɗakin kwano, kusa da taga. Da rana ɗakin ya zama tanda, da asuba ya yi sanyi ƙarara. Da na dawo da shi zauren nan na ƙasa, mai kaurin bango, sai ya natsu. Ga randa can a lungu, da gangan na ajiye ta, tana ɗan jiƙa iska. Wasu a cikin fiyanon suke sa kwanon ruwa. Ni ban yarda da wannan ba, ranar da yaro ya ture shi ka gayyato tsatsa, ga gara kuma da ke jiran ta ji danshi.

Ladi: Wata mai saurare ta aiko cewa akwai irinsa a gidan kakanta, wai ta kawo a gyara?

Kawu: Kada ta ɗauko tukuna, kuɗin amalanke ma asara ne in ya mutu. Ba kowane tsohon fiyano ya cancanci wahala ba, gaskiya ɗaya ce. Abu na farko da nake dubawa turaku ne. Kowace tsirkiya an naɗe ta a wani ɗan turken ƙarfe da aka kafa cikin katako mai tauri, kuma ba abin da ke riƙe da turken sai matsin katakon. In hunturu arba'in sun wuce a kansa, ramin ya buɗe, kana ɗaurewa yana warwarewa a hannunka. In ƴan kaɗan ne suka saki, a kan ƙara buga su ciki, ko a sa masu ɗan kauri, ko a ɗiga ruwan gam mai saurin kamawa a gindinsu. Amma in katakon kansa ya tsage, ko ƙashin ƙarfen ya fashe, ko gara ta cinye ciki ta bar fenti, to a ba kafinta. Ko a Faransa kuɗin irin wannan gyara kan fi kuɗin fiyanon.

Auta: Namu fa?

Kawu: Namu turaku 11 ne suka saki. Ya tsallake rijiya da baya.

Ladi: Yanzu sai ɓarnar Auta.

Auta: Ni dai a garaji na tashi. In na ga abu mai kai huɗu, hannuna ƙaiƙayi yake. Kawu ya tafi masallaci, na ji wata murya ta yi ƙasa, na ɗauko ƙaramin makullin da nake kwance babur da shi, na murɗa kamar rabin zagaye. Ban ji ta hau ba, na ƙara. Sai tas! Waya ta tsinke ta wuce ta gefen kunnena.

Kawu: Abu biyu ya yi. Turken da yake murɗawa na maƙwabciya ne, ba na wadda yake bugawa ba, shi ya sa bai ji canji ba. Sannan rabin zagaye! Mu motsin da muke yi bai kai kaurin farce ba. Kuma akwai makullinsa na musamman mai doguwar ƙota, wanda ke zama daram a kan turken ba ya cinye masa kusurwa.

Auta: Na dai ji kunya. Amma da Kawu ya ba ni labarin Yamaha sai na ɗan sami sauƙi.

Ladi: Yamaha na babur?

Auta: Shi fa. Duba tambarin da ke jikin tankin kowane Yamaha a tashar ƴan kabu-kabu, za ki ga wasu ƙarafa uku masu yatsu biyu sun gitta juna. Irin wannan ne da ke hannun Kawu, ƙarfen ɗaukar murya. Torakusu Yamaha mai gyaran agogo da kayan likita ne, aka kira shi a 1887 ya duba wata molon iska, wato abin kiɗa mai haƙora irin na fiyano da ke aiki da iska, da ta lalace a wata lakkwal a garin Hamamatsu na Japan. Daga gyara ya koma ƙira, fiyanonsu na farko ya fito a 1900. Babur sai 1955. Ke nan mai gyara ne ya haifi kamfanin, irina.

Kawu: Shi dai ba a ce ya tsinke waya ba. Bari ku ji ƙarfen. In na buga shi a gwiwa na kafa gindinsa a katako, kun ji? Yana kaɗawa sau 440 a daƙiƙa, shi ne ma'aunin da duniya ta fi bi yau. Amma ban ja wannan tsoho har can ba. Faransa ta tsayar da 435 a 1859, ni ma a wajen nan na bar shi. Wayar da ta shekara hamsin a sake, in ka ce sai ta kai ta yau a zama ɗaya, za ka kwashi gutsattsari.

Ladi: Ni abin da ya ɗaure mini kai, kun ce da gangan kuke barin kuskure a ciki.

Kawu: Wannan shi ne wurin da almajiri ke yin shekaru. In muryoyi biyu sun kusa daidai amma ba su kai ba, za ki ji sautin yana rawa, wau-wau-wau. Kina matsowa rawar tana raguwa har ta tsaya cik. Tsirkiyoyi uku na haƙori ɗaya, dole rawar ta tsaya cik, shi ya sa nake cusa ɗan tsinken roba in toshe biyu in saurari ɗaya. Amma tsakanin haƙori da haƙori lissafin ba ya rufewa. In kika bi tazarar da ake kira ta biyar, wato daga haƙori zuwa na bakwai a gabansa, tsarkakakkiya, sau 12, ya kamata ki dawo gida kan irin muryar da kika fara da ita, sai ki tarar kin zarce da kusan rubu'in tazarar haƙori ɗaya. To wa za a ɗora wa wannan rarar? Sai a yi irin ta watanda: in nama bai kai ba, ba a hana mutum ɗaya kasonsa, kowane kashi ake ɗan tsakura. Kowace ta biyar a rage mata ɗan kaɗan, yadda kunne ba zai yi ƙorafi ba.

Auta: Ai akwai manhaja a salula mai nuna maka allura.

Kawu: Akwai, ina da ita, tana taimako. Sai dai ba ta san hannu ba. Turke yana murɗewa a jikinsa kafin gindinsa ya motsa, in ba ka zaunar da shi ba, allura za ta ce daidai, Ladi ta buga da ƙarfi sau ɗaya ya zame. Wannan a tafin hannu ake jinsa. Ka san wanda ya rubuta ɗaya daga cikin littattafan farko na sana'ar nan makaho ne? Claude Montal, ya yi karatu a makarantar makafi ta Paris, littafinsa ya fito a 1836. Daga nan sana'ar ta zama hanyar abinci ga makafi da yawa a Turai. Nakan tuna da wannan in na ga namu a bakin Babbar Kasuwa.

Ladi: Ku a ina kuka koya?

Kawu: A Kwatano, lokacin da nake zuwa sayen kayan rediyo. Wani tsoho ne, na yi wata uku ina riƙe masa fitila kafin ya bar ni na taɓa makulli. Can kuma ciwon daban ne, laimar teku, tsatsa, haƙora su kumbura su maƙale. A Faransa akwai makaranta sukutum a garin Le Mans, ITEMM, da ke koyar da wannan har a ba ka takarda. Mu nan sai tsoho da fitila.

Ladi: Kayan gyara fa?

Kawu: Ulu da waya dole a yi odarsu. Amma akwai wasu ƴan wurare a cikin injin da ake manna fata mai laushi, can asali ta barewa ake sawa. Na je wurin dukawa na zaɓo ta jar akuyar Maradi, wadda Turawa ke yin safar hannu da ita, na sa aka fere mini ita siririya. Guda 20 na gwada tun bara, ba wadda ta saɓule. Fararen haƙoran kuma hauren giwa ne, duba ɗan layin nan a tsakiya inda aka haɗa gida biyu. An hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1989, don haka ukun da suka ɓalle da roba na maye su.

Auta: Saura wayata.

Kawu: Saura wayarka. Na auna kaurinta, na aika da saƙo, direban da ke zuwa Kwatano ya ce ranar Laraba. Kai za ka ɗaura ta, ina tsaye a kanka, naɗi uku a jikin turke.

Ladi: To kafin Laraba, matsa mini kujerar nan in buga wa masu saurare wani abu. Auta, nuna mini haƙorin da zan tsallake.

Auta: Na 52. Na sa masa alama da alli.