Amsoshin Tambayoyinku: Kakan Fela, limamin da ya sa coci ta rera waƙa da harshen gida

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Takardar farko a yau ta fito ne daga wata baiwar Allah a Kafanchan, wadda ta ce ita 'yar ƙungiyar mawaƙan coci ce. Ta rubuto cewa: "Na ji ana cewa kakan Fela Kuti limamin coci ne, kuma mawaƙi. Da gaske ne? In haka ne, a ba ni tarihinsa."

To malama, wanda ya gaya miki bai yi ƙarya ba. Sunansa Josiah Jesse Ransome-Kuti, Bayarabe ne ɗan ƙabilar Egba, an haife shi a yankin Abeokuta a 1855. Ya yi karatu a hannun 'yan mishan na CMS, wato ƙungiyar yaɗa bishara ta cocin Angilika, a Abeokuta sannan a Legas. Da aikin malanta ya fara, har ya koyar da kiɗa da waƙa a makarantar 'yan mata ta CMS da ke Legas, kuma a can ya haɗu da matar da ya aura. Daga baya ya koma gida ya shiga wa'azi gadan-gadan. An naɗa shi dikon, wato mataimakin limami, a 1895, ya zama cikakken limamin cocin Angilika a 1897, a 1911 kuma aka ba shi riƙon cocin Saint Peter da ke Ake, a tsakiyar Abeokuta. Ya rasu a 1930 yana da shekara 75.

Amma ba muƙamai ne suka sa ake tunawa da shi ba. Ke da kike cikin mawaƙa, ke za ki fi kowa gane abin da zan faɗa.

Yarabanci harshe ne na hawa da saukar murya. Kalmar "igba" kaɗai, gwargwadon yadda ka ɗaga murya ko ka sauke, tana iya zama ƙwarya, ko lokaci, ko ɗari biyu. Mu ma Hausawa mun san wannan: akwai fara da ake soyawa, akwai fara aiki, ga kuma farar saniya. To da 'yan mishan suka zo, sai suka fassara waƙoƙinsu na Turai, suka ɗora kalmomin Yarabanci a kan karin waƙar Turawa. Inda harshe ke son murya ta sauka, sai karin ya ɗaga ta sama. Mutum na tsaye a coci yana rerawa da iyakar ƙarfinsa, amma abin da ke fita daga bakinsa ba shi ne abin da ke zuciyarsa ba. Wanda ke wucewa a waje kuwa, sai ya ji kamar ana masa gwaranci.

Wannan shi ne ciwon da Rabaran Kuti ya gano, ya kuma nemo maganinsa a gida. Ya riƙa sauraron karin da mutanensa suka tashi da shi, na biki da na gona, har da na bautar gargajiya, yana ɗauka yana sa masa kalmomin bishara waɗanda suka zauna daram a kan muryar. Da su yake fita wa'azi a fili da ƙauyuka. Tsohuwar da ba ta taɓa taka ƙofar coci ba za ta ji karin da ta sani tun tana goye, ta tsaya ta kasa kunne. Har laƙabi aka yi masa, limami mai waƙa. A wancan zamanin kuwa abin na bukatar ƙarfin hali, don da yawa cikin masu ilimin boko gani suke duk abin da ya fito daga gargajiya bai cancanci shiga ɗakin ibada ba. Ni a ganina wannan ne babban aikinsa, ya fi duk wani naɗi da aka yi masa. A 1923 aka haɗa waƙoƙinsa fiye da hamsin a ƙarshen littafin waƙoƙin coci na Yarabanci. Duk wanda ya taɓa jin zumuntar mata suna rera waƙar Hausa da tulu da caki a cocin Arewa, ya san irin daɗin da ake nufi.

Wani mai sauraro daga Zariya shi kuma cewa ya yi: "Shin shi ne ɗan Najeriya na farko da ya yi faifai?"

Haka ake ɗaukarsa, malam. A 1922 ya je Landan, kamfanin Zonophone ya naɗi muryarsa a faifan garmaho, waƙoƙi sama da arba'in, dukkansu da Yarabanci. Ka tuna a lokacin ba a fara naɗar murya da makirfo ba. Gaban wani babban mazurari mawaƙi ke tsayawa ya buɗe murya, girgizar sautin ta motsa allura, allurar ta yi ta zane a kan kakin da ke juyawa. In an yi kuskure sai a sake daga farko. Dattijo ɗan shekara 67 ne ya tsaya ya yi wannan, waƙa bayan waƙa.

Game da zuri'arsa da malamar Kafanchan ta taɓo, ɗansa Israel Oludotun shi ma limami ne kuma malamin makaranta, shi ne shugaban farko na ƙungiyar malamai ta Najeriya, kuma mijin Funmilayo, 'yar gwagwarmayar nan ta Abeokuta. Su suka haifi Farfesa Olikoye da ya yi ministan lafiya, da Dokta Beko, da Fela. Wole Soyinka ma jininsa ne ta wajen uwa. Fela ya yar da sunan Ransome, ya ce sunan bauta ne, ya koma Anikulapo, kuma ya sha sukar addinan da suka zo daga waje. Duk da haka, idan na ji yadda ya dage sai kiɗansa ya yi magana da muryar mutanen ƙasa, kakan nan nasa nake tunawa, tsaye a bakin kasuwar ƙauye yana rerawa.

Malama, ki gaishe mana da 'yan ƙungiyarku. Sai takarda ta gaba.