Ikko garin ruwa, amma mai tafiya a ƙasa ta ina zai bi?

Jama'a masu sauraronmu na Agege da Idi-Araba da Mile 12 har Alaba Rago, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau akan ruwa ne, da kuma bawan Allahn da ba shi da mota sai ƙafafunsa.

Duk wanda ya zauna a Ikko ya san ta ko'ina ruwa ne, ga teku ga lagun ga kogin Ogun da ke gangarowa ta Kara ya ratsa bayan Mile 12. Gadoji kam akwai su manya-manya, Carter tun 1901 aka fara yin ta, Eko a 1975, sai Third Mainland da Babangida ya buɗe a 1990 mai kusan kilomita 12. To amma don wa aka yi su? Third Mainland dai ba wurin takawa ba ne, kuma an hana okada hawa, Carter ce mutanenmu 'yan dako ke bi daga Iddo zuwa Idumota da kaya niƙi-niƙi a ka, motocin haya na danfo na wucewa ta gefensu kamar zai shafe su.

Abin da ya fi ci min rai shi ne unguwanni irin su Agiliti da ke bayan Mile 12. Da zarar an saki ruwan dam ɗin Oyan da ke jihar Ogun shikenan hanya ta nutse, sai samarin unguwa su jera katako su kafa gada kuma sai ka biya kafin ka taka, ko ka shiga kwale-kwale. Ka tsaya da safe ka ga ɗan makaranta ya cire takalmi ya riƙe a hannu yana bin katakon da ke lanƙwasa, bayansa mace ce da goyo da kwandon tumatir, kuma wallahi duk shekara haka ake yi kowa ya san lokacin zuwan ruwan.

Kuma ba wai gwamnati ba ta iya ba ne. Gadar Lekki-Ikoyi da Fashola ya buɗe a 2013 an yi mata gefen masu tafiya a ƙasa, da asuba za ka ga mutane na motsa jiki a kai hankali kwance. Madalla da hakan, mu ma irin ta muke roƙo, ko da ƙarama ce ta kankare mai makari da fitila.

Sai maganar bakin ruwa. Manyanmu na tuna Bar Beach, lokacin da magidanci zai kwashi iyalansa ranar Sallah su sha iska ba ko sisi, yau wurin ya zama Eko Atlantic, sabon birnin da ake ginawa inda aka cike teku, sauran bakin tekun kuma yawanci sai da kuɗin geti. Mutanen Otodo Gbame kuwa, wata unguwar masunta ta bakin ruwa, rushe musu gidaje aka yi a 2017. Idan gyaran bakin ruwa yana nufin a kori talaka ne a kewaye wurin da katanga, gaskiya ban yarda da shi ba.

Hukumar LASPARK ita ke da alhakin lambuna a jihar nan, dan Allah ta dubi gaɓar kogin Ogun ta wajenmu, a dasa itatuwa a sa benci da bayi da wurin alwala, a ba mai shayi da mai tsire gurbi da rasit maimakon kamen da ake yi musu. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa, ku rubuta wannan buƙata ku kai wa kansiloli da 'yan majalisa a Alausa, mazaunin gwamnatin jiha, tun kafin a sake sako ruwan.