Darasin Girki: Soya Kifin Mahi Mahi a Kasko Ba Tare da Ya Bushe Ba

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kallo, barkanmu da warhaka. Yau kifin mahi mahi ne a gabanmu. Wasu na ce masa kifin dolfin, kuma na san yanzu wata za ta ce, "Anti, dolfin za ki soya mana?" Kwantar da hankalinki. Wancan mai tsalle a teku dabba ce mai shayarwa, wannan kuwa kifi ne sak. Sunan mahi mahi ma daga yaren mutanen tsibiran Hawai ya fito, ma'anarsa "mai ƙarfi". Masu jin Sifaniyanci dorado suke ce masa saboda ruwan zinaren jikinsa, amma yana mutuwa launin ya dusashe.

To, na riga na cire fatar, tauri gare ta, ba ta da daɗin ci. Ƙanina, matso da kyamarar nan. Ƙara matsowa. Yawwa. Kun ga layin nan ja mai duhu da ya ratsa tsakiyar tsokar? Nan ƙarnin kifin yake kwance. Ranar da na fara dafa shi ban san da wannan ba, na soya abina da shi, baƙi na zaune, kowa ya kai loma ɗaya ya hau shan ruwa. Ba wanda ya ce mini komai, amma na gani a faranti. Saboda haka ku kula. Ki ɗora bakin wuƙa a gefen layin, ki karkatar da ita kaɗan zuwa ciki, ki ja a hankali. Sai ki koma ɗaya gefen ki yi haka, yankan biyu su haɗu a ƙasa kamar kwari. Kar ki tura wuƙar a tsaye, za ki raba kifin biyu ki kuma yi asarar farar tsoka. Kun gani? Ya fita kamar igiya. In ɗan ja ya saura, ki kankare da bakin wuƙa, ba sai kin sake yanka ba.

Af, kafin na manta. Kifin nan ba ya son zama a zafi. In an kama shi ba a sa a ƙanƙara da wuri ba, yana tara wani sinadari da ake kira histamin, kuma wuta ba ta kashe shi. Mutum ya ci, fuska ta yi ja, ƙaiƙayi, ciwon kai. In kin ɗanɗana kin ji yana tsikarar harshe alhali ba ki sa barkono ba, zubar da shi kawai.

Yanzu tishu. Ki tsane shi sosai, gaba da baya, don jiƙaƙƙen kifi ba ya soyuwa, dahuwa yake yi cikin ruwansa. Gishiri, masoro, shi ke nan. Ni ba na jiƙa shi a lemun tsami tun kafin suya, tsamin na sa tsokar ta yi fari ta dagargaje. Lemun sai ƙarshe.

Kasko ya yi zafi, mai cokali 2. Ni wannan kaskon ƙarfen mai nauyi nake so, yana riƙe zafi. To, bismillah. Kun ji ƙarar? Yanzu hannu a baya. Kar ki taɓa, kar ki leƙa, da kansa zai saki kaskon in ya yi. Mai kaurin inci 1 minti 4 yake so... a'a, tsaya, wannan na gefen jela ne, siriri ne, minti 3 ya ishe shi. Bari na fara juya shi. Ku dubi launin nan, ma sha Allah.

Sai na rage wuta, na jefa bota da tafarnuwa 3 da na fasa. Ki karkata kaskon, ki riƙa ɗibar botar da cokali kina zuba masa a kai. Dalili, kifin nan ba shi da kitse sosai, minti ɗaya kika ƙara masa sai ya koma kamar auduga a baki. Masu ma'aunin zafi, digiri 63 na Celsius ake nema a tsakiya. Ni cokali mai yatsu nake sa wa a wajen da ya fi kauri, in ya buɗe sala-sala, ciki fari da ɗan danshi, na sauke, zafin jikinsa ya ƙarasa shi a faranti.

Kashe wuta, matse lemun a cikin kaskon, kwarara romon a kai. Ƙanina, ajiye kyamarar, miƙo mini wancan farantin.